Daga Keken Raleigh Zuwa Kwamfuta: Tarihin Ƙarko da Gyara a Kwarin Rima

Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Augie, in ya tara kuɗin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, tambayar da yake fara yi ita ce: tsakanin HP da Dell da Lenovo, wacce ta fi ƙarko? Wannan tambaya ta girmi kwamfuta. Kakanninmu sun yi ta a kan keke, iyayenmu sun yi ta a kan mota da injin ban ruwa. A kowane zamani kuma kasuwa ta ba da amsa iri ɗaya: kayan da ya daɗe a hannun mutane shi ne wanda mai gyaransa ke kusa, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu.

Mu fara da keke. Raleigh, wanda a da ake ƙerawa a birnin Nottingham na Ingila, ya zama abin alfaharin malamai da ma'aikatan En'e tun zamanin Turawa, daga baya har aka kafa masana'antar harhaɗa shi a Kano. Ƙarfensa nagari ne, babu gardama. Amma abin da ya riƙe shi shekara da shekaru shi ne mai facin keke da ke zaune a gindin bishiya a kowace kasuwa, da sarƙa da boris da tayar da ake samu a tebur. Babu wanda ya taɓa aika wasiƙa Nottingham don cen ɗinsa ya tsinke.

Haka labarin Peugeot yake, wadda muke kira Fijo. A 1975 masana'antar PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa motocinta, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har bayan shekara ta 2000, alhali Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. Da yake gwamnatoci sun saye ta da yawa, duk garejin da ke tsakanin Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Yawanta ya haifar da makanikai, makanikan kuma suka tsawaita ranta.

Misali mafi kusa da manomin Augie shi ne injin ban ruwa. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990, ya yaɗa ƙananan injinan fetur da rijiyoyin tiyo a fadamun Kebbi da Sakkwato. Injinan Japan irin su Honda da Yamaha da Robin su ne suka fara yin suna. Da injinan Sin masu araha suka shigo, da yawansu an kwaikwayi ƙirar Honda ne, har kayan wannan na shiga cikin wancan. Wannan ya sa manomi bai ji tsoron sayensu ba, ko da ya san ba su kai na asali ƙarko ba. Shinkafar rani ba ta jiran a yi odar kaya daga nesa, in injin ya tsaya yau dole ya tashi gobe.

Kwamfuta ta shigo ta tarar da wannan tsari. A 2001 kamfanin Zinox na Leo Stan Ekeh ya fara harhaɗa kwamfuta a Najeriya, Omatek na Florence Seriki ma ya shiga fagen, kuma a 2010 Zinox ne ya samu kaso mafi girma na kwangilar na'urorin rajistar masu zaɓe ta hukumar INEC. Sai dai kasuwar talaka ta bi wata hanya dabam. Manyan kamfanonin Amurka da Ingila kan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku ko huɗu. Waɗannan na hannu ne ke sauka a Computer Village ta Ikeja, su hau mota zuwa Kano da Sakkwato, sannan su iso shagunan Birnin Kebbi. Da hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita dole a 2015, sai buƙata ta ƙaru. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da na Jami'ar Aliero, da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kowa ya shiga neman tasa.

A nan ne mai karatu ya kamata ya san wasu abubuwa game da sunan da ke bayan murfi. Na ɗaya, sunayen kansu sun sha sauya hannu: HP ya haɗe Compaq a 2002, IBM kuma ya sayar wa Lenovo sashen kwamfutocinsa a 2005, har da ThinkPad da ya fara fitarwa a 1992. Na biyu, yawancin kwamfutocin duniya wasu kamfanonin Taiwan ne ke harhaɗa su bisa kwangila, irin su Quanta da Compal da Wistron, da kayan ciki daga masu ƙira ɗaya. Shi ya sa cuta ɗaya kan kama gidaje da yawa. A 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda haɗarin kama wuta, Apple da Lenovo ma suka janye nasu. A 2008 matsalar wani guntun hoto na Nvidia ta shafi HP da Dell da Apple a lokaci guda.

Na uku, bambancin da ke cikin gida ɗaya ya fi wanda ke tsakanin gidaje. Kowane kamfani yana da kayan ofis da kayan gida. HP na da EliteBook da ProBook a gefe guda, Pavilion a ɗaya gefen. Dell ya fitar da Latitude da Inspiron, Lenovo na da ThinkPad da IdeaPad. Na ofis an gina su don su jure wahala kuma a iya buɗe su da sukundireba, kamfanonin ma sun wallafa littattafan gyaransu. Tsohuwar Latitude ta fi kama da tsohuwar EliteBook fiye da yadda take kama da Inspiron 'yar gidansu.

Sai batun garanti. Kwamfutar gida kan zo da garantin shekara ɗaya, ta ofis har shekara uku, amma wadda ta yi aikinta a Landan kafin ta iso Kebbi garantinta ya riga ya ƙare. Ko sabuwa ce, cibiyoyin gyaran da kamfanoni suka amince da su sun fi yawa a Legas da Abuja. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙi a kan kaya mai aibi, amma mutumin Augie ya fi dogara da alkawarin bakin mai shago da ƙwarewar yaron da ke gyara a bayan kanti. Da wannan ma'auni HP da Dell suka yi wa sauran fintinkau a Arewa, kamar yadda Fijo ta yi: sun yi yawa, don haka caja da batir da gilashinsu suna ko'ina. ThinkPad na da ƙarko ƙwarai, sai dai kayanta ba su kai nasu yawa a shaguna ba. MacBook kuwa kyakkyawar ƙira ce, amma Apple ya daɗe yana liƙe ma'adanar wucin gadi a jikin allon uwa, abin da ke sa ƙaramar matsala ta zama babbar tafiya.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da wutar janareta mai hawa da sauka, ba su san sunan kamfani ba. Akwai kuma sabon tarko: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na takwas na Intel. Da yawa daga cikin na hannun da ke kasuwa sun faɗa wannan rukuni, ko da jikinsu garau yake.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin da ka yi wata da watanni kana tarawa, fara zuwa wurin mai gyara a Argungu ko Birnin Kebbi. Tambaye shi wace ƙira ce yake da batirinta da gilashinta a shagonsa, wacce kuma ke yawan dawo masa da ciwo ɗaya. Duba zubin ƙwaƙwalwar, ka tabbatar ana iya ƙara mata ma'adana. Sannan ka sa mai shago ya rubuta maka a rasit kwana nawa ya yarda ka dawo da ita in ta ba da matsala, ya sa hannu a gabanka.