Ɗan da Aka Haifa a Jazira, Ɗan Wace Ƙasa Ne?

Mai karatu, in ka tsaya a bakin magudanar ruwan Kadawa kana kallon ruwan Tiga yana gangarawa gonakin Kura da Bunkure, sai ka zaci a nan Bahaushe ya fara sanin irin wannan noman rani. Ba haka ba ne. Madatsar Tiga a 1974 aka kammala ta, alhali tun 1925, da Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar a Sudan, mutanenmu ke tsinkar auduga a gonakin Jazira. Mafi yawansu mahajjata ne masu tafiyar ƙasa, guzuri ya ƙare suka tsaya neman na gaba, wasu kuma zuriyar waɗanda suka bi Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Aka yi aure, aka hayayyafa. To, waɗannan 'ya'ya 'yan wace ƙasa ne?

Sudan dai ba ta karɓe su da sauƙi ba, domin dokarta ta 1957 ta nemi mutum ya nuna shi ko iyayensa maza suna zaune a ƙasar tun kafin 1898. Mu ma tamu ƙofar ƙunci gare ta. Tsarin mulkin 1960, da na 1963 da ya biyo shi, ta wajen uba kaɗai suka yarda wanda aka haifa a waje ya gaji zama ɗan Nijeriya, kuma gadon bai wuce hawa ɗaya ba: in uban ma a waje aka haife shi, magana ta ƙare. Wato Bahaushiyar Bunkure da ta auri Basudane a Wad Madani, 'ya'yanta baƙi ne a gidan kakansu, ko da kuwa Hausar bakinsu ta fi tamu daɗi.

Tsarin mulkin 1979 ya zo da magana a fili: duk wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, uwa ko uba, to shi ma ɗan ƙasa ne. Sai dai ya gindaya sharaɗi, mai ƙasa biyu ya saki ɗaya idan ya kai shekara 21. Na 1999 ya riƙe gyaran a sashe na 25, ya kuma ɗauke wa ɗan ƙasa na haihuwa wancan sharaɗi. Maƙwabciyarmu Nijar sai a 1999 ta ba uwa irin wannan dama.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda tsohuwar doka ta mutu a takarda amma ta zauna daram a zukata. A 2025 Kemi Badenoch, 'yar siyasar Ingila mai asali da Nijeriya, ta faɗa a talabijin cewa ba ta iya gadar wa 'ya'yanta zama 'yan Nijeriya saboda ita mace ce. Kuskure ta yi, amma a ganinmu ba daga sama kuskuren ya faɗo ba. Mai neman fasfo ko gurbin karatu akan tura shi ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, ita kuwa a al'adance garin uba take bi. (Mu marubuta mun cika kasuwa da labaran kishiyoyi, wannan kuwa mun bar shi a ƙasa.) Jikan da ya dawo daga Jazira ko Makka, sashe na 25 na gefensa, amma sai ya fara samun dagaci a Kura da zai tuna sunan kakarsa.