Shari'ar Fibreboard da Tsare Ayyukan 'Yan Ƙwadago a Amurka

A tarihin ƙwadago na ƙasar Amurka, dokar Wagner ta shekarar 1935 ita ce ta wajabta wa masu masana'antu su zauna da ƙungiyar da ma'aikata suka zaɓa domin daidaita albashi da sa'o'in aiki da sauran sharuɗɗa. Kowace ƙungiya tana magana ne da yawun wani rukuni na ma'aikata wanda aka ƙayyade. To, amma dokar ba ta fayyace abin da zai faru ba idan mai masana'anta ya ɗauke aikin ɗungurungum daga hannun wannan rukuni ya miƙa wa waɗansu. In kuwa aikin ya tafi, yarjejeniyar albashi ta zama takarda kurum.

Wannan tambaya ta taso ne a masana'antar Fibreboard da ke Emeryville, cikin Jihar Kalifoniya. A watan Yuli na 1959, ana saura kwana huɗu yarjejeniya ta ƙare, kamfanin ya sanar da ƙungiyar masu gyaran injuna cewa ya yanke shawarar ba ɗan kwangila aikinsu, domin ya ƙiyasta zai rage kashe dala 225,000 a kowace shekara. Aka sallami ma'aikatan, mutanen ɗan kwangila suka shigo suna yin aikin nan dai a cikin ginin nan.

Ƙungiyar ta kai ƙara gaban Hukumar Sasanta Harkokin Ƙwadago ta Ƙasa. Da fari hukumar ta ba kamfani gaskiya, daga baya ta sake nazari ta umarci a mayar da ma'aikatan, a kuma biya su albashin da suka rasa. A watan Disamba na 1964 Kotun Ƙoli, ta bakin Alƙalin Alƙalai Earl Warren, ta tabbatar da wannan hukunci. Hujjarta ita ce, kamfanin bai canja sana'a ba, bai zuba sabon jari ba, ma'aikata kawai ya musanya da waɗansu, saboda haka tilas ne ya yi shawara da ƙungiya tukuna.

Duk da haka, nasarar tana da iyaka. Abin da ƙungiya ta samu shi ne haƙƙin a zauna da ita, ba ikon hana kamfani ba. Har wa yau, a 1981, cikin shari'ar First National Maintenance, kotun ta ce kamfani na iya rufe wani sashe na harkarsa ba tare da neman shawarar ƙungiya a kan rufewar ba.

Bisa ga haka ne ƙungiyoyi suka ƙara dagewa a kan rubuta sharaɗin tsare aiki ɓaro-ɓaro cikin yarjejeniya, watau a lissafta ayyukan rukunin, a kuma ƙayyade lokacin da za a iya ba da kwangilarsu. Rigakafi ya fi magani, domin ma'aikatan Fibreboard sun shafe fiye da shekara 5 kafin shari'a ta tabbatar musu da haƙƙinsu.