Sojojin Turawa da Mutanen Duwatsun Mubi a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914, Mubi ba ta cikin Najeriya. Yarjejeniyar iyaka ta 1893 ta bar wa Ingila garin Yola, ta sallama wa Jamus mafi yawan ƙasar Adamawa, kuma tun 1903 sojojin Jamus suka zauna a Mubi. Inda unguwar Yelwa take a yau, a wancan zamani bakin iyakar Kamarun Jamus ne.

Daga gabashin garin duwatsun Mandara suka miƙa arewa har Mora. A kansu da gindinsu Fali, Gude, Higi, Margi da mutanen Sukur suke zaune, kowace al'umma da nata dutse da nata harshe, kamar tsibirai a tsakiyar fili. Suna jera duwatsu su tare ƙasa a jikin gangare, su shuka dawa hawa-hawa. A wancan zamani tsawon dutsen shi ne garkuwarsu daga mahayan da ke farautar bayi.

A arewa Ingila ta shigo Kamaru ta fuska biyu, daga Yola da kuma daga Maiduguri. Rundunar da ta tashi daga Yola ta kwashi kashinta a hannu wajen Jamusawa a Garwa a ƙarshen Agusta, har aka kashe kwamandanta, Laftanar Kanar Maclear. Garwa ba ta faɗi ba sai 10 ga Yunin 1915, bayan Ingila da Faransa sun haɗa ƙarfi. Mubi kuwa tun cikin 1914 ta koma hannun Ingila.

Da wuya mutumin dutse ya haɗu da Bature ido da ido. Sojan da ya tsaya masa a ƙofar gida baƙar fata ne, sau da yawa Bahaushe, domin da Hausa ake ba da umarni a rundunar Najeriya. Bukatarsa kuma ba ta wuce dawa, awaki, jagora da 'yan dako ba. A lokacin babu hanyar mota a yankin, saboda haka akwatin harsashi da buhun abinci duk a kan mutane suke tafiya. Ƙauyen da ya ciyar da wannan ɓangare yau, gobe ɗayan ya ɗauke shi maci amana. Wannan nauyi, wanda rahotannin yaƙi ba su cika kulawa da shi ba, shi ne ainihin yaƙin da talakan dutse ya gani.

A Mora abin ya fi daɗewa. Kyaftin Ernst von Raben na Jamus ya bar gari ya hau dutse da mutane kusan 200, mafi yawansu 'yan Afirka, wato ya ɗauki dabarar da mazauna wurin suka daɗe da sani. Rundunar Kyaftin Fox daga Maiduguri da ta Faransa suka yi masa ƙawanya kusan wata 18. Yunwa ta kai mutanen Raben ga yanka dawakai da jakuna, suna sulalowa da dare neman abinci a ƙauyuka. A Kirsimetin 1914 an tsagaita wuta, hafsoshin suka aika wa juna kyauta. Raben ya miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairun 1916, shi ne na ƙarshe a duk Kamaru, bisa sharaɗin a biya sojojinsa baƙaƙe a sallame su gida.

Wanda ya ci ribar ruɗanin shi ne Hamman Yaji, sarkin Madagali tun 1902, shekarar da Jamusawa suka kashe mahaifinsa. Kundin da ya sa aka riƙa rubuta masa da Larabci daga 1912 zuwa 1927 ya nuna yadda yake lallaɓa duk Baturen da ke da iko, Bajamushe ko Bafaranshe ko Ba'ingile, yana kuma tura mayaƙansa kan Sukur da maƙwabtanta, ana lissafa bayi da shanun da aka kamo. Sauyin tuta bai kawo wa mutanen dutse sauƙi nan take ba. Sai a 1927 Ingila ta tuɓe shi.

A 1922 aka damƙa wa Ingila riƙon amanar yankin Mubi, ƙuri'ar raba gardama ta 1961 kuma ta shigar da shi Najeriya a matsayin lardin Sardauna.