Catarina Lindqvist: Tauraruwar Da Ta Fito A Daren Farin Wata

A cikin watan Oktoba na shekarar 1984, a wani ƙaramin gari mai suna Filderstadt, kusa da birnin Stuttgart na ƙasar Jamus ta Yamma, waɗansu 'yan mata biyu suka yi karon ƙarshe a wata gasar ƙwallon tanis da kamfanin motoci na Porsche ke ɗaukar nauyinta. Ɗaya Bajamushiya ce 'yar shekara 15, wadda ba ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe na babbar gasa ba sai ran nan. Ɗayar kuwa baƙuwa ce daga ƙasar Suwidin, shekararta 21. Baƙuwar ce ta yi nasara, ba tare da an daɗe ana fafatawa ba: 6-1 a turmin farko, 6-4 a na biyu. Yarinyar da aka kayar sunanta Steffi Graf, wadda daga baya ta ci manyan kofunan duniya har 22, ta zama abar kwatance. Wadda ta kayar da ita kuwa sunanta Catarina Lindqvist, kuma a yau ba kowane mai sha'awar tanis ne zai tuna da wannan suna ba.

Dalilin wannan mantuwa shi ne abin dubawa, domin tun daga lokacin da aka fara jera 'yan wasa bisa lissafin kwamfuta, babu wata mace 'yar Suwidin da ta hau inda Lindqvist ta hau.

An haife ta ran 13 ga watan Yuni na 1963 a Kristinehamn, wani ƙaramin gari da ke bakin tabkin Vänern, tabkin da ya fi kowane girma a ƙasar. Ƙasa ce wadda sanyi da ƙanƙara ke rufe filayen wasa kusan rabin shekara, saboda haka tanis ɗin Suwidin a cikin ɗaki ya girma, watau a manyan zaurukan wasa masu rufi da ƙungiyoyin gari ke gudanarwa, da taimakon ƙananan hukumomi da aikin sa kai na iyaye. Wasan yana da tsohuwar daraja a can. Sarki Gustaf na Biyar, wanda ya yi sarauta daga 1907 zuwa 1950, ya riƙa shiga gasa da kansa yana ɓoye sarautarsa da laƙabin "Mr G", bai kuwa daina ba sai da tsufa ya ci ƙarfinsa. Mata ma ba a bar su a baya ba tun farko. Märtha Adlerstråhle ta ci lambar tagulla a tanis a wasannin Olamfik na London a 1908, ita ce kuma mace ta farko da ta samo wa Suwidin lambar Olamfik a kowane irin wasa. Bayan shekara huɗu, a Stockholm, Sigrid Fick ta ci lambobi biyu a wasan haɗin gwiwar mace da namiji. Daga nan sai abin ya yi sanyi. In ban da abin mamakin da Christina Sandberg ta yi a 1968, sa'ad da ta fitar da Virginia Wade ta Ingila a zagayen farko na Wimbledon, shekaru da dama sun wuce ba a ji ɗuriyar matan Suwidin a manyan filaye ba.

Lindqvist tana da shekara 11 sa'ad da wani saurayi mai dogon gashi, Björn Borg, ya ci kofin Faransa a 1974. Tana da 13 ya fara cin Wimbledon, ya kuwa ci gaba da cinsa sau biyar a jere, daga 1976 zuwa 1980. Watau ita ma cikin yaran nan take waɗanda suka taso suna kallon Borg a talabijin, zaurukan wasa suka cika da su har ana layi. Amma ba ta kwaikwayi bugunsa ba. Borg da hannu biyu yake riƙe abin bugu in ƙwallo ta zo masa ta hagu, ya tsaya can bayan fili yana mayarwa har abokin karawa ya gaji, kuma yawancin yaran da suka biyo bayansa haka suka koya. Ita kuwa da hannu ɗaya take bugun bayan hannu, bugu mai tsabta da kyan gani, wanda shi ne abin da masu sharhi suka fi yabonta da shi.

Nasarar Filderstadt ce ta buɗe mata ƙofa. A watan Afrilu na 1985 sunanta ya hau matsayi na 10 a jerin matan duniya. Ga wanda bai saba da wannan lissafi ba, ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis, wadda Billie Jean King ta jagoranci kafawa a 1973, ta fara jera 'yan wasa da kwamfuta a 1975, bisa sakamakon da kowace ta samu a cikin watanni 12 da suka wuce. Saboda haka nasarar rana ɗaya ba ta kai mutum cikin goman farko. Sai an yi shekara ana tafiya daga nahiya zuwa nahiya, ana cin wasa mako bayan mako.

To, sai dai ta zo a zamanin da ya fi kowane tsanani ga mace mai neman babban kofi. Daga gasar Ostareliya ta 1981 zuwa Wimbledon ta 1985 an yi manyan gasa 15 a jere, kuma babu wadda ta ci ko ɗaya daga cikinsu sai Martina Navratilova ko Chris Evert. A shekarar 1984 kaɗai Navratilova ta ci wasa 74 a jere ba a kayar da ita ba. Kafin ƙarfin waɗannan biyu ya fara raguwa, sai ga yarinyar nan ta Filderstadt ta girma: a 1988 Graf ta kwashe manyan kofuna huɗun duka, ta haɗa da zinariyar Olamfik. Sauran 'yan wasa, komai gwanintarsu, tsakanin waɗannan duwatsu suke neman hanya.

A gida kuma wani irin cikas ne dabam, wanda ba laifin kowa ba ne. Wata biyu bayan nasararta a Jamus, Mats Wilander ya ci kofin Ostareliya karo na biyu, sannan 'yan wasan Suwidin suka lallasa Amurka a birnin Göteborg, suka ɗauki kofin Davis, alhali kuwa a cikin 'yan wasan Amurka akwai John McEnroe da Jimmy Connors. Ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan takwas da 'yan kai ba a lokacin ta kai wasan ƙarshe na kofin Davis sau bakwai a jere, daga 1983 zuwa 1989. Borg da Wilander da Stefan Edberg, su ukun nan, sun tara manyan kofuna 24 tsakanin 1974 da 1992, kuma a 1988 babu babban kofin maza da ya kuɓuce wa Suwidin: Wilander ya ɗauki uku, Edberg ya ɗauki Wimbledon. A bayansu ga Anders Järryd, ga Joakim Nyström, ga Henrik Sundström, ga Mikael Pernfors, ga Kent Carlsson, kowannensu ya taɓa shiga goman farko na duniya. A ƙasar da take da irin wannan arziki, matsayi na 10 ya zama abin da aka saba gani. Da a wata ƙasar ta fito, wadda ba ta da kowa a fagen, da an yi mata kiɗa a filin jirgin sama.

Wani abin lura shi ne inda ta fi haskakawa. Filayen tanis iri-iri ne: akwai na jar ƙasa, inda ƙwallo ke tafiya a hankali tana tashi sama, akwai na daɓe mai tauri, akwai kuma na ciyawa, inda ƙwallo ke sulɓewa ƙasa-ƙasa da sauri. A Suwidin ba a cika samun filin ciyawa ba. Da bazara a kan jar ƙasa ake wasa, da hunturu a cikin ɗaki. Duk da haka, manyan nasarorin Lindqvist a kan ciyawa ta same su. A 1986 ta kai zagayen 'yan takwas a Wimbledon, inda Gabriela Sabatini ta Ajantina ta tsayar da ita. A cikin wannan shekara kuma ta ci gasar ƙasarta a Båstad, garin shaƙatawa na bakin teku inda ake taruwa kowace bazara.

A watan Janairu na 1987 aka yi gasar Ostareliya ta ƙarshe a tsohon filin ciyawa na Kooyong, a birnin Melbourne, kafin a koma sabon fili mai daɓe a shekara mai zuwa. Lindqvist ta yi ta kutsawa, ta fitar da Pam Shriver ta Amurka, wadda gwana ce a kan ciyawa, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan ta tarar da Navratilova. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana. Bahaguwar ta gama da ita cikin turmi biyu, ko da yake ita ma Hana Mandlíková ta kayar da ita a wasan ƙarshe. A ƙarshen wannan mako kuwa Edberg ya doke Pat Cash a gaban mutanen garinsu, ya ɗauki kofin maza, labarin da ya koma Stockholm ke nan.

Abin da ya faru a Wimbledon a 1989 ya fi wannan armashi, domin a lokacin ana ganin tauraruwarta ta fara dusashewa. Matsayinta ya sauka har ba a sa ta cikin 'yan wasa 16 da ake ware wa wurare na musamman a jadawali ba, watau tun daga zagayen farko ana iya haɗa ta da kowace gwana. Ta ci wasa biyar a jere, na biyar ɗin a kan Rosalyn Fairbank ta Afirka ta Kudu, sai ga ta cikin mata huɗun da suka rage. Sauran ukun su ne Graf, da Evert, da Navratilova, waɗanda daga baya jimlar manyan kofunansu ta kai 58. Wannan ce kuma Wimbledon ta ƙarshe ga Evert, saboda haka hankalin 'yan kallo da na 'yan jarida duk yana kan bankwanarta.

Navratilova ce dai ta sake fito mata. Amma wannan karon ba a yi mata cin kaca ba. A tanis, wanda ya riga kaiwa shida da ratar biyu shi ya ci turmi; in aka yi kunnen doki shida da shida, sai a yi ɗan gajeren wasan raba gardama. Lindqvist ta riƙe matar da ta riga ta ci Wimbledon sau takwas har zuwa wannan gaɓa a turmin farko, kafin ya suɓuce mata da 7-6. Turmi na biyu ya tafi da sauri, 6-2. Mai son ya san iyakar gwanintar Lindqvist, a wannan turmin farko zai gan ta, ya kuma ga abin da ya rage mata: tana da bugun da za ta tsaya da kowa, amma a 'yan mintocin da ake raba gwani da gwanin gwanaye, Navratilova ta fi ta sanin hanya. Graf ce ta ɗauki kofin a ƙarshe. A ɓangaren maza kuma, kamar an shirya, Edberg ya sake kaiwa wasan ƙarshe, Boris Becker ya kayar da shi, aka yi ta maganar wannan rashi fiye da abin da 'yar ƙasarsa ta samu. A wannan shekara zakaran maza fam 190,000 ya karɓa, ta mata kuwa fam 171,000. Sai a 2007 Wimbledon ta daidaita ladan.

Sauran shekarunta ba su da yawa. Ta wakilci ƙasarta a wasannin Olamfik na Seoul a 1988, shekarar da aka mai da tanis cikin wasannin bayan an cire shi tun 1924, da kuma na Barcelona a 1992. Kofinta na ƙarshe ta ci shi a Oslo a 1991, inda ta doke Raffaella Reggi ta Italiya. A 1992 ta ajiye wasa tana da shekara 29. Ta auri Ba'amurke, suka zauna a jihar New Jersey, ta shiga koyar da wasan. Ɗanta Joakim Ryan ya zama ƙwararren ɗan wasa shi ma, sai dai ba a tanis ba: wasan hoki na kan ƙanƙara ya zaɓa, har ya buga wa ƙungiyar San Jose Sharks.

Sai bayan tafiyarta aka fara gane nauyin abin da ta yi. An yi zaton hanyar da ta share wasu za su bi, su ma wuce ta, kamar yadda Wilander da Edberg suka bi sawun Borg. Hakan bai faru ba. Åsa Carlsson, wadda daga baya aka sani da Åsa Svensson, ta tsaya a matsayi na 28. Sofia Arvidsson ta ci gasar Memphis sau biyu, a 2006 da 2012, ta kai na 29. Rebecca Peterson ta ci kofi biyu a ƙasar Sin a 2019. Dukansu 'yan wasa ne na ƙwarai, amma babu wadda ta shiga ashirin ɗin farko, balle goma, babu kuma wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasa ta 'yan ɗai-ɗai. Su kansu mazan ruwa ya janye musu: kofin Davis na ƙarshe a 1998 suka ci shi, babban kofi na ƙarshe kuwa shi ne wanda Thomas Johansson ya ɗauka a Ostareliya a 2002, sannan Robin Söderling ya kai wasan ƙarshe a Faransa a 2009 da 2010 bai ci ba.

A Båstad ma an daɗe ana jira. An dakatar da gasar mata ta can shekaru masu yawa, ba a dawo da ita ba sai a 2009. Johanna Larsson, 'yar garin Boden da ke can ƙuryar arewa, ta kai wasan ƙarshe a 2011 ta faɗi, ta sake kaiwa a 2013 ta gamu da Serena Williams. Sai a 2015 ta doke Mona Barthel ta Jamus ta ɗaga kofin, shekara 29 bayan Lindqvist ta ɗaga shi a wannan gari.