Akwatin Maigidana da Mataki na Uku

Ɗiyar ƙanwata ce ta tsokano wannan rubutu. Ta gama karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Bayero, tana horon shekara guda a Asibitin Malam, kuma da yake gidana na nan Gyaɗi-Gyaɗi, tafiyar ƙafa ce tsakani, a nan take cin abincin rana. Ranar wata Asabar ta same ni ina kwashe takardun da na dawo da su bayan na ajiye aiki karo na biyu, ta ce, "Kawu, ni fa aikin ƙasa da ƙasa nake so, irin naka. Wane kwas zan yi a intanet?"

Na tambaye ta ko ta taɓa shiga layin 'yan magani a Sabon Gari kafin a tashe su. Ta ce a'a. Na ce ko ta je Dangwauro inda aka mayar da su, ga shi kan titin Zariya, motar da take bi ta ƙofar asibitinsu ita ce take zuwa can. Ta yi dariya ta ce, "Me zan je yi?" Ban ba ta amsa ba a lokacin, don na ji raina ya fara ɓaci, kuma ba laifinta ba ne. Ga amsar yanzu.

Na fito daga Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1980, kaina cike da sunayen sinadarai, aka tura ni sashen duba shagunan magani. A can na tarar da mutumin da har yau in na ce maigidana shi nake nufi. Tsohon disfensa ne, ɗan makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya, ya yi yawon asibitocin sha-ka-tafi na En'e tun kafin a haife ni. Ba shi da digiri. A takarda ni ne gaba da shi, amma na shekara uku ina riƙe masa jaka, kuma ban taɓa jin na faɗi ba.

Yana da wani akwatin ƙarfe, irin na kayan amare, a ƙarƙashin teburinsa. Cikinsa kwalaye ne da kwalabe da ƙwayoyi na asali, kowanne da 'yar takarda ɗaure da zare: sunan kamfani, lambar rukuni, ranar da ya karɓo shi da hannun wanda ya ba shi. Duk wakilin kamfanin da ya shigo Kano da sabon kaya, ba zai bar ofishin ba sai ya ajiye guda. In muka dawo daga kasuwa sai ya shimfiɗa farin ƙyalle bakin taga, ya jera abin da muka sayo kusa da na akwati, ya ce, "Ɗan boko, duba." Sai in duba in ce iri ɗaya ne. Sai ya ce in sake dubawa. A karo na uku ne zan ga cewa shuɗin kwalin ya ɗan kode, ko harafi guda ya fi 'yan'uwansa kauri, ko manna bakin kwalin da hannu aka yi.

Kulorokwin kuwa da harshe yake fara gwada shi. In ya lasa bai yamutsa fuska ba, an gama magana. Kafson nan ja da rawaya yakan buɗe shi a tafin hannu, ya murza da yatsa, ya sansana. Na sha ganin alli, na ga garin rogo. Na san 'yan zamani za su ce wannan ba kimiyya ba ce, kuma shi ma bai taɓa cewa ita ce ba. Abin da yake cewa shi ne, ɗakin gwaji yana da nisa, sakamako yana ɗaukar watanni, to a cikin kwali 200 wanne za ka aika? Harshe da ido su suke zaɓa, injin ya yanke hukunci.

Lokacin ne kuma ɓarnar ta yi tsanani. A ƙarshen mulkin Shagari aka mayar da lasisin shigo da kaya abin rabo ga 'yan siyasa, wanda bai san bambancin allura da ruwan allura ba ya wayi gari dillalin magani. Da aka zo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 naira ta faɗi, sito-sito na asibitocin gwamnati suka bushe, likita ya koma rubuta takarda yana cewa a je waje a saya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. An yi dokar soja kan jabun magunguna a 1988, amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta kasuwa.

Yadda maigidana yake kai ta shi ne abin da ya ɓace, kuma shi nake kuka a kai. Ba ya shiga kasuwa da ɗan sanda sai ta kama dole. Zai yi sallama, ya zauna kan benci, a gaisa har a tambayi iyali. Sannan ya sayi maganin da kuɗi, ya karɓi rasit, sai a nan ya ce shi ma'aikaci ne, ko da yake kowa ya san shi. A gaban mai shago zai raba abin da ya saya kashi uku, ya naɗe kowanne, ya narka jan danƙo ya buga hatimi, su sa hannu tare. Kashi ɗaya na ɗakin gwaji, ɗaya na ajiya saboda kotu, ɗaya ya miƙa wa mai shago ya ce, "Alhaji, riƙe naka. In ka ga mun zalunce ka, kai shi inda ka yarda a gwada." Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala tunda mun riga mun san jabu ne. Ya ce mai shagon nan ba shi ya ƙera ba, shi ma sayowa ya yi, kuma da wannan maganin yake bai wa 'ya'yansa. In ka tozarta shi ka samu katan guda. In ka mutunta shi zai nuna maka motar da ta kawo.

Haka kuwa aka yi. Wani ɗan kemis da muka taɓa rufe wa shago wata biyu, shi ne bayan shekaru ya zo gidan maigidana bayan isha'i, ya gaya masa sito da ranar da za a sauke kaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan dare nake tunawa shekaru kusan talatin bayan haka, a babban birnin wata ƙasa ta Afirka ta Yamma da ba zan ambata ba. Muna cikin tawagar da aka aika ta auna hukumar magungunansu. Kwana biyar muna otal mai sanyi, ana ta jero mana fayil. Kowace tambaya akwai takardarta, an buga, an sa hannu, an lulluɓe da leda. Wani matashin ƙwararre da aka yi hayarsa daga Turai yana ta cika akwatunan fom a kwamfuta yana murna. Ranar ƙarshe na ja shugaban masu duba shaguna gefe, na tambaye shi yaushe rabon mutanensa da fita. Ya sunkuyar da kai ya ce wata bakwai, motar ba taya. Da na kawo maganar a zaman rufewa, aka ce babu gurbinta a fom ɗin wannan zagaye. Kuɗin ɗakin taron na kwana guda ya isa tayoyi huɗu.

Na yi gaba da yawa, bari in koma. Abin da ya haifi hukumar NAFDAC gawarwakin yara ne. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai zaƙi na masana'antu, irin wanda ake sawa a man birki, mai kashe ƙoda. Aka kafa hukumar da dokar soja a 1993, Farfesa Gabriel Osuide ya fara riƙe ta, da yawa cikinmu muka koma can. Amma annoba ba ta jira jariri ya yi ƙafa. A 1995 aka yi wa mutum sama da 50,000 allurar rigakafin sanƙarau ta jabu a Nijar, kyauta ce da ta fito ta wajenmu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar 2,500. Shekara ta zagayo sanƙarau ya sauka a Kano, aka yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, shari'ar ba ta kai ga sulhu da gwamnatin jiha ba sai 2009. Duk wanda yake mamakin yadda Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, har sai da aka kawo na Indunusiya a 2004, to ya fara karatunsa daga 1996. Yarda irin ƙwai ce, kuma mu masu wannan aiki mu ne aka ɗora wa tiren.

Zamanin Dora Akunyili a shugabancin NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, shi ne lokacin da na fi jin ina da daraja a unguwa. Mai kayan miya ma ta koyi juya kwali ta nemi lambar NAFDAC. An harbi motarta a Disambar 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta. A Maris na 2004 aka ƙona ofisoshin Legas da ɗakin gwaji na Kaduna, wanda mu na Arewa muke kai samfur. An rufe kasuwar magani ta Kano na wani lokaci, an rufe ta Onitsha a 2007. Sai dai masu ba da labarin yanzu suna yi kamar da ita aka fara komai. Allah Ya sani ta yi jarumta. Amma ta tarar da mutane irin maigidana sun yi shekara talatin suna riƙe da igiyar da hannu, ba kyamara, ba lambar yabo. Ya rasu kafin zuwanta. Akwatin nan da na je nema, aka ce an yi gwanjon tsofaffin ƙarafa.

Kuma ko a ƙarshen zamaninta, a 2008, wannan sinadari dai ya dawo cikin maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka tafi. Ya sake bayyana a Gambiya a 2022 cikin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, yara kusan 70. Guba ɗaya, hanya ɗaya: ba wanda ya gwada gangar sinadarin kafin a zuba.

Ba na cikin tsofaffin da suke cewa komai na da ya fi. A 2010, zamanin Paul Orhii, na riƙe na'urar TruScan karo na farko, na haska ta kan ƙwaya ta cikin leda, kafin in gyara tsayuwa ta ba ni amsa. Hawaye ya zo mini, don na tuna harshen maigidana. A shekarar ce aka fara kankare kwali a tura lamba ta waya. Da aka nuna fim ɗin BBC kan kodin a 2018, wanda Kano ta fito a ciki tsirara, washegari aka hana shigo da shi da haɗa shi. A Maris na 2022, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta kai mataki na uku cikin huɗu a ma'aunin ƙwarewar hukumomin magani, bayan Tanzaniya a 2018 da Ghana a 2020. Ma'aunin yana da tambayoyi sama da 200, kuma na san mutanen da suka yi shekaru ba hutun kirki don a amsa su. Na yi alfahari. Yarjejeniyar hukumar magunguna ta Afirka ma ta fara aiki a 2021, mazauninta Kigali, kuma in ta tsaya da ƙafarta ƙasa irin Nijar ba sai ta sake tantance abin da maƙwabta suka riga suka tantance ba.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da suke shigowa aikin ta sama. Sun haddace sunayen matakai, sun iya rubuta neman tallafi, sun san alawus ɗin kwana na kowane birni daga Dakar zuwa Janeba. Ka tambaye su nawa ake sayar da katin maganin maleriya a Kwanar Dawaki, ko me ya sa mai ƙaramin kemis a Tarauni yake yanka kati ya sayar da ƙwaya biyu, sai su duba waya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a 2017 magani ɗaya cikin goma a ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci. Wannan ɗayan ba a fayil yake ba. Yana kan kanta, a bayan labule, a cikin but ɗin mota mai zafi tsakanin Kano da Maraɗi.

Da aka tashi 'yan maganin Sabon Gari a Fabrairun 2024 aka ce su koma Dangwauro, wasu abokaina sun yi ta taya juna murna kamar an gama yaƙi. Tara su wuri guda, ƙarƙashin rufi, da ma'aikata a bakin ƙofa, abu ne da muka yi shekaru muna roƙo. Amma gini ba ya duba magani. Sai an samu wanda zai zauna kan benci, ya san wane ne yake sayen kaya daga wane, ya kuma zama mutumin da za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa bayan isha'i.

Don haka 'yata, kwas ɗin intanet yana nan, ba zai gudu ba, kuma ki yi shi. Amma kafin nan ki nemi aikin duba shaguna, ko na jiha ne, ki yi shekara biyar takalminki yana cin ƙura. Ki sayi littafi mai bango mai kauri ki riƙa rubuta abin da idonki ya gani, da kwanan wata. Ki koyi raba samfur uku a gaban mai shi. In kika je Janeba bayan haka, za ki san tambayar da babu ita a fom. Ranar Asabar mai zuwa ki zo da wuri, da ƙarfe tara za mu kama hanyar Dangwauro.