Baki Shi Ke Yanka Wuya: 'Yancin Magana a Ƙasar Gwarzo da Kabo, daga Mill zuwa Zamanin NEPU

A shekarar 1859 wani masanin falsafa ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya fitar da ɗan littafinsa a kan 'yanci, wanda har gobe masu ra'ayin sassauci ke kafa hujja da shi. Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta. Ra'ayin da aka toshe wa baki yana iya zama shi ne gaskiya. Ko da kuskure ne, ba ya rasa ɗan gutsuren gaskiya a cikinsa. In kuwa ra'ayin jama'a ne daidai ɗungurungum, muddin ba a ja da shi, sai ya zama hadda, ana maimaitawa ba a san dalili ba. Iyakar da ya gindaya ita ce cutar da wani.

Sai dai akwai wani wuri a littafin da masoyansa ba su cika son a tsaya a kai ba. Mill ya ce wannan 'yanci bai shafi yara ba, bai kuma shafi al'ummun da ya ɗauka ba su waye ba. Su, a ganinsa, ya halatta a mulke su da ƙarfi matuƙar gyara ake nufi. Ba abin mamaki ba ne daga mutumin da ya shafe shekara 35 yana yi wa kamfanin Ingila mai mulkin Indiya aiki. Ta wannan kafa ce Turawan da suka ci Kano a 1903 suka iya alfahari da 'yancin magana a Landan, suna kuma hana shi ga manomin gyaɗa na Getso ko na Garo ba tare da sun ji wani ƙaiƙayi a zuci ba.

Ba wai Bahaushe bai san faɗin albarkacin baki ba sai da Bature ya zo. Malami na da wa'azi, maroƙi na da zambo da habaici, yara na da tashe, kowannensu kuma yakan gaya wa mai mulki abin da talaka ba ya iya faɗa. Amma wannan dama ce ta matsayi, wadda al'ada ke bayarwa, mai iko kuma ke janyewa in ta dame shi, kamar yadda Sarkin Gobir Nafata ya taƙaita wa'azi a zamanin Shehu Usmanu. Abin da ya zo sabo tare da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, shi ne da'awar cewa magana haƙƙi ce ta kowane talaka, ko da ba shi da rawani ko allo ko kalangu.

A birni da sauƙi, domin akwai jaridu da lauyoyi da idon baƙi. Ƙauye ne wurin da aka biya farashin. A gundumomi irin Gwarzo, iko duka ya taru a hannun En'e: hakimi da dagaci ke karɓar haraji, ɗan doka ke kamu, alƙali ke hukunci, kuma daga wannan hukuma ɗin ake neman izinin yin lacca. Wato wanda za ka soka shi ne zai ba ka takardar sukar sa. In aka yi taro babu izini, laifi ne. In aka ambaci sarki da abin da bai yi daɗi ba, zagi ne. Ko Hajiya Gambo Sawaba, da sunanta ya karaɗe Arewa, an ɗaure ta a Kano a 1953 kan tara mata ba da izini ba, balle wanda ba a san shi ba sai a kasuwar garinsu. Shi kuma ba kurkuku kaɗai yake tsoro ba. Akwai ƙarin haraji, akwai rikicin gona da ba zai taɓa yin nasara a kai ba, akwai surukin da zai ce a sakar masa 'ya. A nan Mill ya yi gaskiya, domin ya lura cewa danniyar jama'a takan fi ta doka kutsawa cikin rayuwar mutum.

Koke-koken da aka kai gaban hukumar Willink a 1957 da 1958 sun sa aka rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki a 1959, kafin zaɓen tarayya na watan Disamba. Ba a jima ba aka gwada su. Dokar Jihar Arewa ta 1958 ta haramta wa yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, abin da ya fi ƙona NEPU, wadda yara ke yaɗa waƙoƙinta lungu-lungu. A shari'ar da aka fi sani da sunan Ciranci, a 1960, Babbar Kotu ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, domin taƙaitawa ce da ƙasa mai dimokuraɗiyya za ta iya lamunta. A ganina hukuncin ya bi Mill sau da ƙafa, kuma nan ne ciwon yake: dalilin da aka kafa a kan yara shi ne dai aka shekara hamsin ana kafawa a kan iyayensu. Wannan sharaɗi bai mutu ba. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin magana, sashe na 45 kuma ya buɗe ƙofar taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya ko tarbiyya.

Da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Jihar Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kwance wa dagaci igiyar da ya fi riƙe talaka da ita. Ya kafa jaridar Triumph, wadda daga bisani ta haifi Albishir da Alfijir ta ajami, mai isa hannun almajirin Kabo da bai yi boko ba. Amma tambayar da Mill ya bari a buɗe ta dawo da zafinta. Ya kawo misalin mai cewa 'yan kasuwar hatsi ke kashe talaka da yunwa: a rubuta a jarida ba laifi, a faɗa wa fusatattun mutane a ƙofar gidan ɗan kasuwar kuwa ya cancanci hukunci. A watan Yulin 1981 gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma, maganganu suka yi ta tafasa a gari. Ranar 10 ga wata gungun mutane suka banka wa gidan rediyon Kano da ofishin Triumph wuta, suka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. A lokacin kuwa magoya bayan PRP sun riga sun dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, kowane ɓangare na tarwatsa laccar ɗan'uwansa, alhali iyayensu tare suka sha ɗauri don neman izinin yin ta.