Daga Waken Kalaba Zuwa Kwalbar Fiya-Fiya

Maƙalarmu ta yau tarihi ce, kuma daga Jibia za mu ɗauko ta.

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi Jibia da Magama, ta tsallaka Ɗan Isa ta shiga Maraɗi, ya san da zarar kaka ta yi, buhunan wake ne ke gangarowa. Nijar ce ke bin Najeriya a yawan noman wake a duniya, kuma kaso mai tsoka na abin da take nomawa a kasuwanninmu yake ƙarewa, musamman Dawanau ta Kano. Akwai kuma kayan da ke haurawa arewa, cikinsu har da kwalaben maganin ƙwari da muke kira fiya-fiya. An rufe wannan iyaka a 2019, aka buɗe ta a Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka buɗe a Maris na 2024. Duk da haka wake da kwalba ba su daina haɗuwa a sito ba. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, ilimin da ya bayyana yadda wannan kwalba ke kisa, daga wani wake na ƙasarmu ya faro.

Kafin mu shiga tarihin, sai mun fahimci abu ɗaya game da jikinmu. Idan ƙwaƙwalwa tana son tsoka ta motsa, takan aika saƙo ta jijiya. Amma bakin jijiyar bai manne da tsokar ba, akwai ɗan rata a tsakani. Don haka jijiyar takan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ne ɗan aiken da ke tsallaka ratar ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ke sa tsoka ta ɗaure, yawu da hawaye da gumi su fito, hanji ya motsa, ƙwayar ido ta tsuke, bugun zuciya ya sassauta. Da ya isar da saƙo, akwai wani sinadarin da ke sallamar sa nan take, sunansa kolinestares, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke wargaza dubban 'yan aike a daƙiƙa guda. To, idan aka ɗaure hannun mai sallamar nan, ɗan aike zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ba ƙaƙƙautawa. In an yi hakan kaɗan kuma na ɗan lokaci, magani ne. In ya yi yawa kuma ya daɗe, mutum zai nutse cikin majinar ƙirjinsa.

Mutanen Efik na Kalaba sun san wannan aiki tun kafin wani likita ya san sunansa. Suna da wata tsiro mai yaɗo a bakin rafi, mai 'ya'ya kamar manyan wake masu ruwan ƙasa, suna kiran ta esere. Idan aka zargi mutum da maita, sai a daka waken a jiƙa a ba shi ya sha a bainar jama'a, kwatankwacin shan gwaska da ake ba da labarinsa a ƙasar Hausa. In ya amayar ya rayu, an wanke shi. In ya mutu, an ce laifinsa ne ya kama shi. Wasu masana na ganin mai gaskiya yakan kwankwaɗe gaba ɗaya don ba ya tsoro, cikinsa ya tayar ya amayar, mai jin tsoro kuwa yana kurɓa kaɗan-kaɗan har gubar ta ratsa shi. Ko ma yaya ne, rayuka da yawa sun salwanta a wannan shari'a.

'Yan mishan na Sikotilan da suka sauka Kalaba daga 1846 su ne suka riƙa aika waken zuwa Edinbara. A 1855 wani farfesan ilimin guba, Robert Christison, ya tauna ɗan ɓarinsa don ya ji da jikinsa. Da ya ji jiri ya taso, ruwan da ya yi aski da shi ya ɗauka ya sha don ya yi amai, da ƙyar ya sha. Ɗalibi a jami'ar, Thomas Fraser, ya lura cewa ruwan waken yana tsuke ƙwayar ido. A 1864 wasu Jamusawa biyu, Jobst da Hesse, suka tace sinadarin da ke cikinsa suka sa masa suna fisostigmin. Shekara guda bayan nan wasu Faransawa suka kira shi eserin, sunan da har yau yake ɗauke da kalmar Efik. A cikin shekarun 1870 likitan ido Ludwig Laqueur, wanda shi kansa yana fama da hawan jinin ido, ya nuna cewa ɗigon eserin na rage matsin da ke cikin ido. Wannan shi ne maganin farko na gaske da aka samu na wannan cuta mai makantarwa.

Sai dai har lokacin ba a san ta yaya yake aiki ba. A 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na Austiriya, ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta sassauta. Nan aka tabbatar cewa jijiya da sinadari take magana. Matsalar ita ce ɗan aiken yana ɓacewa kafin a kama shi. A 1926 Loewi da Navratil suka gano cewa eserin na hana a wargaza shi, daga nan masu bincike suka riƙa amfani da shi don asetilkolin ya tsaya a auna shi. Loewi da Henry Dale na Ingila suka karɓi kyautar Nobel a 1936. Ke nan da waken Kalaba aka buɗe wannan babi na ilimin jijiya.

Amfanin ya ci gaba. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa mai fama da cutar raunin tsoka, wadda ke sa fatar ido ta saki har haɗiya ta gagara, allurar fisostigmin, ƙarfinta ya dawo na 'yan sa'o'i. A 1935 Percy Julian, baƙar fata ɗan Amurka, ya haɗa sinadarin a ɗakin gwaji ba tare da waken ba. Ɗan uwansa neostigmin, wanda aka haɗa a 1931, har gobe shi ake yi wa mutum a ƙarshen tiyata don tsokokin da aka kwantar su farfaɗo. Donefezil da aka amince da shi a Amurka a 1996 don masu cutar mantuwa ta tsufa, shi ma wannan ƙofar yake bi. Dukkansu suna riƙe hannun mai sallama ne na ɗan lokaci, su sake shi.

Tarihin ya karkace a Disambar 1936. Gerhard Schrader, ma'aikacin kamfanin IG Farben a Jamus, yana neman maganin ƙwarin gona, sai ya haɗa wani ruwa da ɗan turirinsa kawai ya tsuke masa ido ya toshe masa numfashi. Wannan shi ne tabun, a 1938 sarin ya biyo baya, wanda aka fesa a jirgin ƙasa na Tokiyo a 1995. Dangin waɗannan sinadarai ana ce musu oganofosfet. Bambancinsu da eserin shi ne in sun kama kolinestares ba sa sakin sa da wuri, sai jiki ya ɗauki kwanaki ko makonni yana ƙera sabo. Bayan yaƙin duniya na biyu aka fito da masu sauƙi-sauƙi daga cikinsu don gona. Ɗaya daga ciki shi ne daikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba. Shi ne a cikin Sniper, shi ne kuma jigon fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe marasa takarda.

Mu dawo kan buhunan Jibia. Wake ba ya ajiyuwa, cikin 'yan watanni ƙwari kan huhhuje shi ya koma gari. Kakanninmu sukan cuɗa shi da toka ko yashi ko barkono. Ɗan kasuwar da ya tara ɗaruruwan buhuna yana jiran farashi ya tashi kuwa, kwalba ta fi masa sauƙi. Sakamakon ya fito fili a Yunin 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya. Ƙa'idarsu ita ce kada daikulobos ya wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, an kuwa samu daga 0.03 har zuwa 4.6. An sha tsawaita hanin. Turawa sun rufe ƙofarsu, mu kuwa mun ci gaba da yin ƙosai da alala da shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana ƙananan kwalaben nan, ta kuma hana sayar da su a kasuwanni da kantuna daga 1 ga Satumba, bayan yawaitar mutuwar matasa.

Mafita ma a kan wannan hanya take. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure shi da kyau, ƙwarin kan cinye iskar da ta rage su mutu, ba ɗigon magani. Larry Murdock na jami'ar Purdue ya jagoranci aikin, Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN da ke Maraɗi na cikin waɗanda suka gwada shi, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya riƙa ƙera buhunan. Maraɗi da Kano, Jibia a tsakiya.

Me ya kawo wannan zauren marubuta? Mu ne muke yawan saka fiya-fiya a labari. Kishiya ta zuba a abinci, jaruma ta dafe ciki ta faɗi, a ɗura mata manja ko madara, shafi na gaba ta warke. Mai karatu yana ɗauka haka ake yi, alhali ɗura wa wanda numfashinsa ya raunana wani abu na iya kai shi huhu ya ƙarasa shi. Gaskiyar alamomin ita ce dalalar yawu, hawaye, gumi sharkaf, amai da gudawa, ƙwayar ido ta koma kamar kan allura, tsokoki na rawa, ƙirji na kurari. Abin yi shi ne a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefensa, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Can za a yi masa allurar atrofin, wadda ke toshe ƙofar da ɗan aike ke ƙwanƙwasawa, a yi ta maimaitawa har ƙirji ya bushe. Atrofin ɗin nan akwai shi a zaƙami, amma zaƙami guba ne mai zaman kansa, ba abin ba wa majinyaci ba ne. Abin mamaki, wanda zaƙami ya haukata, fisostigmin na waken Kalaba ne maƙarinsa a hannun likita.

Duk wanda zai rubuta irin wannan fitowa, ya rubuta ta yadda mai karatu zai san abin yi ranar da ta faru a gidansu. Wanda kuma ke neman jigon da ba a tattake ba, ga ɗan kasuwar wake da ke tsaye tsakanin asarar jarinsa da lafiyar mutanen da ba zai taɓa gani ba. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman 'yan uwanmu na Jibia, Batsari da Maraɗi: yaya ake ajiyar wake a wajenku yanzu?